Wayar da Injiniya Ya Rataya a Tsamiya

Ranar da abin ya fara, babu wanda ya ga alamar komai. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Inna, matar Injiniya, tana kwashe shanya, shi kuma yana zaune a kan kujera 'yar tsuguno a tsakar gida, yana auna waya da tef.

Shekara talatin da biyu ya yi yana hawa turakun sadarwa kafin ya yi ritaya, aikin ya cinye masa gwiwoyi. Abin da ya rage masa shi ne rediyonsa na magana, wanda yake da lasisinsa tun yana saurayi. Kullum dab da magariba, lokacin da sama ke buɗewa murya ta yi nisa, sai ya zauna su gaisa da waɗansu tsofaffi biyu da ke garuruwa masu nisa, waɗanda bai taɓa ganin fuskarsu ba. Da damina guguwa ta karya babbar eriyar da ke kan rufi, shi kuma ba ya iya hawa tsani. Wata biyu ke nan ba a ji muryarsa ba.

Shi ya sa ya zauna ya haɗa ƙarama da hannunsa. Siririyar waya ce mai rufin roba, mita ashirin da ɗan ɗoriya, da wani ɗan zobe da ya naɗe da wayar tagulla, ya like da dalma, ya rufe cikin robar sabulu. Duka-duka ba ta kai nauyin takalmi ɗaya ba, ana naɗe ta a jikin katako a zura a aljihu. Abin da take bukata kawai a ɗaga bakinta sama.

A bayan katangar gidan akwai fili da ba a gina ba, da tsohuwar tsamiya wadda rassanta suka leƙo tsakar gida. Injiniya ya ɗaure babban noti na ƙarfe a bakin igiya, ya miƙe da kyar, ya fara wurgawa.

"Baban yara, magariba ta kawo jiki," in ji Inna. "Ka bari sai da safe mana."

"Da safe ba a jin kowa. Minti biyar ne."

Sau biyu notin yana dawowa. A na uku ya shige cikin duhun ganye, aka ji ya bugi wani abu, ƙarar kuma ba ta itace ba ce. Tsuntsayen da ke hayaniya a kan bishiyar suka yi tsit gaba ɗaya. Daga can notin ya sauko ta ɗaya gefen a hankali, kamar ana miƙo shi.

A daidai nan Auta ta shigo, 'yarsu ta ƙarshe, malamar firamare, da littattafan yara a hammata. Ya ce ta riƙe masa bakin wayar kada ta gogi katanga yayin da yake jan igiya. Ta riƙe. Zumuɗi ya sa ya danna abin magana na rediyon tun ba ta saki ba. Ta ja numfashi ta yarfe hannu, 'yar farar ƙuna ta fito a yatsarta kamar ƙwayar gero.

"Laifina ne, yi haƙuri," ya ce, ya ƙarasa ɗaga wayar.

Muryoyin suka zo tar, kamar a ɗaki ɗaya suke. "Ashe kana raye," in ji ɗayansu, wani tsohon direban jirgin ƙasa. Injiniya ya yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba a gidan. Aka kira salla. Yana cikin alwala dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufi.

Tun daga ranar, da an kira magariba sai jifa ta fara, ba ta tsayawa sai bayan isha'i. Ƙananan duwatsu ne, ɗaya bayan ɗaya, da tazara a tsakaninsu. Ba su taɓa samun mutum ba. Idan aka ɗauka sai a ji su da ɗumi, kamar yanzu aka saki daga hannu. Injiniya ya ce 'yan unguwa ne, ya ɗauki tocila ya zauna a bayan katanga kwana biyu a jere. Bai ga kowa ba, duwatsun kuwa suna wucewa ta kansa.

A kwana na huɗu Inna tana shara a ɗakinsa ta ji rediyo yana gunaguni ƙasa-ƙasa, alhali batirin yana gefe a cire. Ta ajiye tsintsiya ta fita, ba ta sake shiga ɗakin ba.

Auta ce abin ya fi kamawa. Ta daina cin abinci sosai, ta daina barci. Da yamma ta yi sai ta shige ƙuryar ɗaki ta toshe kunnuwa da tafin hannu.

"Baba, ku rage surutun nan," take cewa. "Yana huda mini kai."

"Ai ko a tsakar gida ba a jin mu, Auta."

"Ni ina ji."

Suka kai ta asibiti, aka ɗebi jini, aka duba kunne, aka ba ta maganin barci. Ta sha, idonta biyu har gari ya waye. Ta daina zuwa makaranta. Gidan ya koma irin gidan da ake jinya, kowa yana tafiya a hankali, kwanoni suna kwana ba a wanke ba. Inna ta rame, tana gyangyaɗi a kan sallaya.

Duk da haka Injiniya bai sauke wayar ba. Ya ce shi ya san wuta, ya san waya, babu abin da ya haɗa eriya da ciwon kai. Akwai kuma abin da bai faɗa wa kowa ba: direban nan yana kwance ba lafiya, an ajiye masa rediyo a gefen gado, ya ce hirar magariba kaɗai yake jira a yini.

A kwana na goma sha ɗaya, Inna ta kai wa Auta ruwa. Auta ta ɗago ta dube ta da idon da ba nata ba, ta yi magana da muryar tsohuwa mai shaƙewa.

"Ki ce wa mijinki na gaji."

Inna ba ta yi ihu ba. Ta ajiye kofin, ta yafa mayafi, ta tafi da kanta ta kira Malam.

Malam dattijo ne mai karantarwa, mai fama da ciwon ƙirji. Ya iso bayan la'asar yana haki, ya nemi kujera saboda ba ya iya zaman ƙasa. Ya dubi duwatsun da aka tara a bokiti, ya dubi wayar da ta tashi daga tagar ɗaki ta shige cikin tsamiya. Aka kwantar da Auta a kan tabarma, Inna ta rufe ta da zane ta riƙe mata kai. Ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Muryarsa tana sarƙewa, ya tsaya ya kurɓi ruwa, ya ci gaba. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Sai yatsun Auta suka fara rawa, ƙirjinta ya ɗaga, aka ji muryar nan.

"Ya isa, Malam. Kai ma ka gaji, ni ma na gaji."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya."

"Me ya kawo ki jikin baiwar Allah?"

Da ta amsa, a hankali take magana, tana hutawa tsakanin kalmomi.

"Sau uku ina tashi. Aka sare inda aka haife ni, aka yi titi. Na koma rijiya, aka cike ta. Na koma wani kango, aka gina. Nan ne na ƙarshe, ni da mijina, tsoho ne makaho, ba ya tashi. Ba mu taɓa taɓa muku ko cokali ba. Rannan muna zaune sai ƙarfe ya shigo, ya fasa masa goshi. Babu sallama, babu sannu. Aka kuma ratsa mana ɗaki da waya. Da magariba ta yi sai muryoyi su dinga bi ta cikinta kamar allura mai zafi, shi kuma yana kuka."

"Jifar fa?" in ji Malam.

"Ƙwanƙwasa ƙofa nake yi. Kwana goma ina yi, ba a amsa ba."

"Yarinyar ba ta yi miki komai ba."

"Ita ta riƙe bakin wayar, ƙofar da na samu ke nan. Abin da nake ji shi take ji, ban ƙara mata komai ba."

Injiniya yana tsaye jikin bango.

"Za ki fita," in ji Malam.

"Su tashi su bar gidan."

"Ba za su tashi ba. Gidansu ne."

"To a yanka mini baƙin akuya."

"Ba a yanka wa kowa sai Allah, kin sani."

Wata gajeriyar dariya ta fito daga bakin Auta, marar daɗi. "Na sani. Gwadawa na yi. A cire wayar daga ɗakina, kada a sake. Mai gidan kuma ya ce ya yi kuskure, da bakinsa."

Malam ya juyo ya dubi Injiniya.

"Na yi kuskure," in ji Injiniya. "Ban san da kowa ba. Allah ya ba shi lafiya." Sannan ya ƙara da muryar da ta yi ƙasa, "Ina da aboki kwance. Yanzu haka yana jira na. Da zan samu in yi masa sallama kawai, yau ɗaya."

Inna ta ɗago ta dube shi.

"Kai ma kana da marar lafiya," in ji muryar. "To yi maganarka, zan jure. Amma yarinyar za ta jure tare da ni."

Ladan ya fara gyaran murya a masallacin unguwa. Daga cikin ɗaki ana jin rediyo yana shuu, lokacin hira ya yi. Injiniya ya dubi 'yarsa, leɓɓanta sun bushe sun tsage, ƙasan idonta ya yi baƙi. Ya shiga ɗaki ya kashe rediyon, ya fito da filaya, ya datse wayar daga bakin taga. Ya kwance igiyar, ya ce, "Salamu alaikum, zan ja," ya jawo a hankali har wayar ta zubo ƙasa.

Malam ya sa maƙwabciyar ta yi rantsuwa ba za ta dawo ba, ta yi. Ya ce ta fita ta ƙafa, kada ta taɓa ido ko kunne. Ƙafar Auta ta hagu ta miƙe, ƙaramin yatsan ya yi ta karkarwa, sannan ya saki. Ta yi atishawa sau uku, ta juya ta gefe, barci ya ɗauke ta nan take a kan tabarmar. Aka kira salla, aka idar, ba a ji komai a kan kwano ba.

Auta ta yi kwana biyu tana barci, tana tashi ta ci abinci ta koma. Ba ta tuna komai ba sai ciwon kai. Bayan mako biyu ta koma makaranta.

Sai a lokacin Injiniya ya sake ɗauko wayar, ya haɗa inda ya datse, ya like. Ya sayo doguwar sandar kamun kifi mai shigewa cikin juna, don ya rataya wayar a kanta. Wata rana bayan la'asar ya zuba komai a jaka zai tafi wani fili a bayan gari, inda babu bishiya ko ɗaya. Ya ga Inna ta yafa mayafi ta ɗauki tabarma.

"Ina zuwa?"

"Wa zai riƙe maka sandar? Da waɗannan gwiwoyin?"

A filin ya tsaya ya yi sallama ga ciyawa da sarari, ya ɗan jira, sannan ya kafa sandar. Rana ba ta sauka sosai ba, sama ba ta gama buɗewa ba, sai shuu da ƙara. Ya yi kira sau shida. A na bakwai murya ta amsa daga nesa, tana zuwa tana ɓacewa. Ɗaya abokin ne. Ya ce direba ya rasu kwana tara da suka wuce. Ya ce marigayin ya tambayi Injiniya sau biyu, aka ce masa wataƙila eriyar ce ta sake faɗuwa.

Injiniya ya danna abin maganar ya yi addu'a, ɗayan ya amsa da amin, muryar ta nutse cikin ƙara.

"Allah ya jiƙansa," in ji Inna. "Tashi mu tafi, kada magariba ta same mu a nan."

Ta riƙe masa katakon, yana naɗe wayar. Da suka isa gida Auta tana zaune a tsakar gida tana duba littattafan yara da jan biro. Ta ɗago.

"Baba, kun same su?"

"Mun sami ɗaya," ya ce, ya nemi buta.