Sifana Lamba Goma

Ranar Talata ce, sha huɗu ga wata, ƙarfe shida da minti goma na yamma, na sauka cikin jirgin ruwan ɗana da sabuwar cajar batir a hannu. Tun a makarantar mishan aka koya mini rubuta lokaci kafin a fara aiki, ban daina ba.

Wata uku ke nan da jirgin ya dawo gaɓa shi kaɗai, batir a mace, babu yaron. Ni na haɗa masa tsohuwar cajar. Kowa ya ce ƙaddara ce. Ni dai ban iya tuna ko na ɗaure notin ƙarshe ba.

Matarsa ta samu wanda zai riƙa fita da jirgin, ta ce in gyara. Ta jona mini doguwar waya a soket ɗin wata rumfa da ke bakin gaɓa, ta zauna nan kusa tana tsintar shinkafa.

Na durƙusa gaban batir. Warin fetur, warin tsohon kifi. Jar waya tukuna, sannan fis, baƙa daga ƙarshe. Na miƙa hannu baya ina lalube, sai aka ɗora mini sifana a tafin hannu. Lamba goma. A jiƙe, da sanyi.

Hasken tocila ya sauka, ba kan aikin ba, kan kunnena. Shekara ashirin ina yi wa mutum ɗaya faɗa kan wannan.

"Injiniya," aka ce a hankali.

Shi kaɗai ke kirana haka.

Na san wanda ya tafi ba ya dawowa. Na san a ruwa akwai masu aron murya. Ban waiwaya ba, amma ban yi addu'a ba. Na tambaye shi ko notin ne sila. Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci, ya ce in gama aikin, zai faɗa mini a hanya.

Na ɗaure baƙar waya. Aiki ya ƙare.

Sai na kwance ta.

Na sake ɗaurewa, na sake kwancewa, don kawai ya ci gaba da magana. Sau huɗu. Na ƙirga.

Wani abu ya goge ni a wuya. Doguwar wayar ce, ta miƙe kamar tsirkiya.

Na ɗaga kai. Igiyar jirgi ta kwance, tana jan ruwa. Rumfa ta yi nisa.

"Saura kaɗan, Injiniya."

Numfashinsa na warin laka.

Wayar ta fizge daga soket. Na ga surukata ta watsar da faranti ta faɗa kan wayar, ta naɗe ta a hannu.

"Baba, riƙe!"

Aka kama rigata ta baya, a hankali, yadda yake yi yana ƙarami in zan fita.

Na ambaci sunan Allah. Na kama wayar da hannu biyu. Rigar ta yage.

Ta ja ni har gaɓa, wayar ta yanke mata tafin hannu. Ba ta tambaye ni da wa nake magana ba. Da safe ne kawai, tana miƙo mini shayi, ta ce, "Ya tambaye ni?" Na ce e. Ƙaryar da na yi mata ke nan.

Cajar tana aiki. Na ɗaure notin da rana tsaka, na duba sau uku. Amsar da na nema ban samu ba.

Waɗanda suka rage: surukata, da tabo a hannun dama. 'Yarta, wadda ta gaji dariyar hancin nan. Mahaifiyarsa, da ba a faɗa mata komai ba. Sai ni, da ba na miƙa hannu baya in ina aiki.