Maratayin Bindigar Alhaji Ya'ƙub

Ranar wata Juma'a ce cikin watan Janairu, an wayi gari da yayyafi da sanyi a Alƙahira. Bayan an sauko daga masallaci aka kira ofishin 'yan sanda na unguwar Faisal, aka ce an yi sata a wani shagon kayan sojan da.

Insifekta Hussain ya iso shagon, takalminsa duk taɓo. Mai shagon, Alhaji Ya'ƙub, dattijo ne Bahaushen Sudan. Ba ya sayar da bindiga. Kayan da ke tafiya da ita kawai yake tarawa: maratayi na fata, jakar harsashi, kuben banati (wuƙar da ake maƙala wa bakin bindiga), 'yan kwalaben tagulla na zuba mai. Masu shirya fim ke zuwa haya. Amma akwai guda bakwai cikin akwatin gilas da ba ya ba kowa, domin na mahaifinsa ne, wanda ya yi soja a Sudan tun zamanin Turawa.

Insifekta ya leƙa akwatin, ya ƙirga.

"Ya Hajji, ga su bakwai ɗin. Me aka sace?"

Dattijon ya buɗe tafin hannunsa. Ya yi baƙi ƙirin. Ya ce duk Juma'a yana shafa wa fatun man kaɗe, irin wanda ɗaliban Najeriya ke kawo masa tsaraba, kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi. Shekara arba'in fata na shanye man. Yau kuwa yana shafawa launi ya biyo hannunsa.

"Waɗannan ba na babana ba ne," in ji shi. "An musanya."

Ɗan ƙanwarsa Fadl, wanda ke ɗaukar hoton kayan shagon yana sa wa a intanet, yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce shi ko taɓa akwatin bai taɓa yi ba, ta gilas yake ɗaukar hoto, warin man nan ma amai yake sa shi. Ya ce a tambayi Badamasi, ɗalibin nan ɗan Kano da ke zuwa gyaran fata. Wa zai iya ɗinka irin wannan in ba baduku ba?

Da la'asar aka ɗauko Badamasi daga gidan ɗalibai a Hayyus Sabi'. Shekara ɗaya ta rage masa ya gama karatu. Ya san in aka shigar da ƙara, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta tafi, sai jirgin komawa gida.

"Yaushe rabonka da shagon?"

"Na fi wata biyu, ya basha."

"Mai shayin da ke kallon shagon ya ce ran Talata ka sha shayinsa, ka ce sukari ya yi yawa."

Badamasi ya sunkuyar da kai. Ya amsa cewa ya yi ƙarya, saboda takardarsa ta karatu ce, ba ta aiki ba, yana tsoron a ce ya karya doka. Sai ya roƙi a ba shi maratayin da aka ɗauko daga akwatin ya duba.

Ya juya shi sau biyu, ya shinshina. Ya ce an jiƙa sabuwar fata a ruwan shayi, aka bi ta da man takalmi, sannan aka goge ta da sanfefa daga farko har ƙarshe. Maratayi na asali ba ya cinyewa bai ɗaya. Inda yake zama a kafaɗa ne yake sulɓi, sai inda hannu ke kamawa. Ya nemi reza, ya yanke zare ɗaya, ya ja. Ɗinkin ya warware har kamu guda.

"Keke ne ya yi wannan. A gidanmu basilla muke sa wa, da allura biyu. Ka yanke ɗaya, ɗayan na riƙe. Da ni na yi, wallahi da sai ya fi haka kyau."

Insifekta ya yi 'yar dariya. Duk da haka bai sake shi ba.

Washegari da safe ya koma shagon. Ya kwance murfin kwalbar tagullar, ya ga cikinta fes, har da ɓarɓashin ƙarfe sabo. Koren da ke bayanta kuwa da farce ya kankare shi, yana tsami kamar kal, ruwan tsamin nan na girki. Alhaji Ya'ƙub ya ce ta mahaifinsa har yanzu akwai ragowar tsohon mai a ciki. Ya ƙara da cewa mabuɗin akwatin a aljihun jallabiyarsa yake kwana, kuma gida ɗaya suke da Fadl.

Yayyafin ya dawo. Insifekta ya ce motar ofis ta tafi wani aiki, ko Fadl zai taimaka ya sauke su a ofis da motarsa, shi da dattijon su sa hannu a takardar ƙara. Fadl ya ce tamam, ba matsala, da sauri ma.

Ba su yi nisa ba gilashin motar ya yi hazo. Insifekta ya ce a kunna hita. Suka shiga cunkoson titin Faisal, ƙananan bas-bas sun toshe ko'ina, motar ta ɗumame. Can sai wani wari ya fara tasowa daga ƙarƙashin kujera.

Dattijon ne ya fara ɗaga kai daga kujerar baya. Ya shinshina, warin man kaɗe ne.

"Ya Fadl," in ji Insifekta, "ba ka ce warin nan amai yake sa ka ba?"

"Wane wari, ya basha?"

"Faka a nan."

A ƙarƙashin kujerar direba aka jawo ƙunshin jarida, mai ya huda ta ya yi taswira. Alhaji Ya'ƙub ya kwance, sai ga kayan mahaifinsa na asali. Ya lalubi maratayin har yatsansa ya tsaya a wurin da ya yi sulɓi, ya ce alhamdu lillahi a hankali.

Fadl ya fara cewa ajiya aka ba shi. Da aka tambaye shi wa ya ba shi, sai ya hau kame-kame. Daga baya ya faɗi gaskiya. Wani mai tara kayan soja a ƙasar waje ne ya ga hotunan ya nace. Shi kuma ya kai hoto wani shagon ɗinki da wata maƙera aka yi masa kwafi, ya zari mabuɗin ran Laraba dattijon yana wanka.

"Kawu, na ga idonka ya yi rauni. Na zaci ba za ka gane ba."

"Ai ba da ido nake shafa su ba," in ji dattijon.

Da aka isa ofishin 'yan sanda aka sa wa Fadl ankwa, kurtu biyu suka wuce da shi ciki. Aka fito da Badamasi. Insifekta ya miƙa masa fasfonsa, ya ce batun gyaran fata bai ji ba, bai gani ba, yalla ya koma makaranta. Alhaji Ya'ƙub ya kama hannunsa ya ce, "Ma'alish, ɗana, ka yafe mini." Badamasi ya ce ba komai, Baba, amma sai da ya zauna a kan benci tukuna.

Cikin kaya bakwai an samu biyar. Kuben banati ɗaya da jakar harsashi ɗaya sun riga sun bar ƙasar. Badamasi ya rasa darasin Asabar da kwana ɗaya a gadonsa. Alhaji Ya'ƙub ya koma gida babu ɗan ƙanwarsa.