Koren Dutsen Surukin Alhaji

Kafin Sufeto ya isa gidan Alhaji an riga an gama shari'a. Iya mai shara, wadda ta goyi duk 'ya'yan gidan, tana tsare a ofishin 'yan sanda tun safe.

Abin da ya ɓace koren dutse ne, wai zumurrudu, girman ƙwan zabo. Saurayin 'yar gidan ne ya kawo wa Alhaji kyauta. Shi kuwa Alhaji, kuɗi ne kawai Allah Ya ba shi, kan babu komai. Har ya sa gidansa na haya a kasuwa, zai zuba jari a ramin ma'adinan yaron.

Saurayin ya karkata hula ya ce, "Yallaɓai, da idona na ga tsohuwar nan ta fito daga ɗakin Hajiya tana ƙulle bakin zane."

Sufeto ya dube shi. Zafi kamar ya kashe mutum, amma gogan naka hannayensa na cikin aljihu.

"Dutsen yana da wata doka?"

Alhaji ya cafe cike da alfahari. "Sosai. Ya ce kada ruwa ya taɓa shi, haskensa zai mutu."

"Dutsen da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa, shi ne ke tsoron ruwa?"

Sufeto ya shige cikin gida.

A ɗakin Hajiya akwatin dutsen na buɗe, wayam. A bayan labule Sufeto ya tsinci kofin gilas da ruwa kore shar a ciki.

"Hajiya, ina kika ajiye dutsen?"

"A akwatinsa mana."

"Wannan fa?"

Ta yi ta murza zobe. Da ƙyar ta ce ƙawayenta ne suka jagwalgwala shi jiya, ta jiƙa shi a kofi ya ɗan wanku. Da safe ta ga ruwa kawai. Tsoron faɗan Alhaji ya hana ta magana. Gara tsohuwa ta kwana a sel da a ɗaga mata murya.

Sufeto ya kai kofin ɗakin gwaji na 'yan sanda. Malamar da ke wurin ta ɗiga ruwan a faranti ta ɗora a wuta. Ya ƙafe, ƙananan duwatsu kore suka fito. Ta ƙara wuta, suka bushe suka koma ruwan ɗorawa.

Ta ce, "Gishirin nikel ne. Ruwan da ke maƙale a cikinsa shi ke ba shi koren nan, wuta ta kore ruwan, launi ya tafi. A kofi kuwa narkewa yake kamar sukari. Masu yi wa cokula da kan famfo rufin sheƙi ke aiki da shi. Yakan cinye musu hannu da ƙaiƙayi."

Sufeto ya tara su a ofis. Ya miƙa wa saurayin hannu.

"Mu gaisa."

Dole ya zaro hannun. Tsakanin yatsu duk ƙuraje ne da saɓa.

"A wane rami ka haƙo waɗannan?"

Ya ce ƙyasbi ne. Sufeto ya turo masa farantin gabansa. Nan take ƙwalisa ta ƙare.

"A shagon rufin sheƙi da nake aiki na haɗa shi cikin kwalba. Da safe na hango kofin a hannun Hajiya, na gane abin da ya faru. In ba a ce sace shi aka yi ba, asirina ne zai tonu."

"Shi ne ka duba duk gidan ka zaɓi wadda ba ta da kowa."

Kofur ya ɗaura masa ankwa. A ƙofar sel suka yi kiciɓis da Iya tana fitowa. Ko kallon banza bai samu ba.

Alhaji ya gyara babbar riga, babu ko ɗigon kunya. "To Iya, sai haƙuri. Shiga mota, tun safe ba a share tsakar gida ba."

Iya ta kwance bakin zanen nan da aka yi shaida a kansa. Makullin ƙofar gidan ne a ciki. Ta ajiye shi a kan tebur, ta ce wa Sufeto, "Ɗan nan, ba shi kayansa, kada shi ma ya narke a ce ni ce."

Ta saka silifas ɗinta ta kama hanya a ƙafa.