Giɓin Katangar Lambun Wasa

Ranar Alhamis ce, rana ta yi ja ta sauko kan gadar da ke tsallaka kogin Kwara zuwa Gaya, sa'ad da Zeinabu ta miƙa wa mijinta Halliru kwanon tuwon shinkafa.

"Baba bai dawo ba," ta ce. "Kai mishi can. In ya huce, kai za shi yi ma faɗa, ba ni ba."

Halliru ya ɗaure kwanon a bayan keke ya kama hanyar bakin kogi. Shi makanike ne a Lambun Wasa na Alhaji Oumarou, shi ke kula da injin lantarki da lilo. Mahaifinsa, Baba Alasan, shi ne mai gadin wurin. Wato dattijo ya zama mai gadi a kan ƙasar kakanninsa, kuma duk lokacin da Halliru ya tuna haka sai haushi ya kama shi.

Shekara uku kafin nan, a 1981, wurin mashigar jiragen masunta ce. Alhaji Oumarou ya zo da takarda mai hatimi daga ofishin kwamanda, da wani tsohon lilo mai dawakan katako da ya sayo daga Ikko. Ba a shekara ba fataken Gaya suka zuba kuɗinsu, banki ya ƙara, wani hafsan soja da ba a faɗin sunansa ya shigo da nasa rabon. Kuma duk ranar da sabon kuɗi ya iso, shingen waya sai ya matsa. Ya cinye gonar albasar maƙwabta, ya cinye wurin shanya komar kamun kifi, ya cinye dutsen da mata ke wanki. Aka kafa babban lilo mai hawa sama, har daga duwan, ofishin kwastan na bakin gada, ana hango fitilunsa. Injin da ke juya shi, da an juya masa baki, da ya shayar da gonakin shinkafa har Madekali. Halliru ya taɓa zana wannan a takarda ya kai wa Alhaji. Alhaji ya naɗe goro da takardar.

Abu ɗaya ne shingen bai taɓa ci ba, wata 'yar hanya mai faɗin taki huɗu da ta ratsa wurin daga daji zuwa ruwa. Mutanen gaɓa suna kiranta hanyar masu shanu, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin saniya a kanta. Ba a shanya koma a nan, ba a ɗaure jirgi a bakinta. Duk magariba wanda ya fi girma a gidan su Halliru yakan tsaya gefe, ya juya baya, ya ce, "Hanya buɗe take." Shi ke nan aikin. Ana cewa tun da aka soma haka jirgin gidan bai taɓa kifewa ba.

A safiyar wannan Alhamis aka gama katangar siminti ta gefen kogi. Halliru na wurin lokacin da ubansa ya cire hula ya tari Alhaji.

"Alhaji, bar ko taki huɗun nan."

"Tsoho, gobe masu kuɗi na tahowa daga birnin Kwatano. In nuna musu katanga mai wawulo? Ta nan ɗiyanku ke shigo min ba tikiti."

"Ba ɗiyanmu kaɗai ke bi ba."

"To su ma su sai tikiti," in ji Alhaji. Magina suka yi dariya, suka jera bulo.

Yanzu Halliru ya jingine keke a bakin ƙofa. An rufe Lambun saboda shirin gobe. An rataya tutoci, an share fili, an yi wa dawakan katako sabon fenti.

"Baba?"

Ba amsa. A wannan lokaci kwaɗin gaɓa kan cika kunne, amma yau ko ɗaya bai yi kuka ba. Daga cikin gari ladan ya soma kira, muryar ta iso siririya kamar ta biyo ta cikin ruwa.

Sai wari. Ba na fenti ba, ba na man inji ba. Warin garke ne: kashin shanu ɗanye, jiƙaƙƙen gashi, tsamin nono.

Ya shiga. Taku goma ya ji iska ta yi ɗumi. Taku ashirin wani abu mai faɗi ya goge shi a kafaɗa, kwanon ya faɗi, tuwo ya watse a ƙasa. Yana kallo tuwon ya baje, ya lotsa, shaidar kofato ta fito a tsakiyarsa.

Filin babu kowa.

Lilon dawakai ya motsa. Halliru ya san inji a kashe yake, shi ya kashe shi da hannunsa. Kuma ba juyin inji ba ne. Ya je gaba kaɗan, ya dawo, ya yi ƙara, kamar abin da jikuna ke turewa a cunkoso.

Ya bi a karkace, yana matsa kafaɗa tsakanin abin da ba ya gani. Numfashi mai zafi a wuyansa. Jela ta fyaɗe shi a fuska.

Can ya hango ubansa. Baba Alasan na tsaye daidai inda aka toshe, fuskarsa ga katanga, tafukansa biyu a kan siminti. Rigarsa ta manne da bayansa. A tsakiyar bayan akwai rami biyu, ƙanana, suna ƙara zurfi, kamar an kafa tsinin ƙaho ana turawa a hankali.

"Baba."

"Koma," dattijon ya ce, da ƙyar. "Kar ka waiwaya. Koma gida."

"Mi ke faruwa?"

"Ƙishirwa ta dame su. Gidanmu yad ɗau alkawalin hanya. Mu za a tambaya."

Wani abu ya yi ƙas a ƙirjinsa. Ya yi tari, jini ya ɗiga kan sabon siminti.

Halliru ya jira tsoro ya kama shi, amma fushi ne ya riga. Ya tuna hular ubansa a hannu. Ya tuna dariyar magina. Mutum ya ƙwace ƙasarka, ya ba ka fitila ka tsare masa ita, sa'annan ya tafi gidansa ya ci tuwo ya bar ka ka amsa laifinsa. Gudumar magina na jingine da tulin bulo. Ya san abin da ke bayanta: jandarma, kora, da fushin wannan hafsan da ba a faɗin sunansa. Ya ɗauka.

Ya kai duka. Simintin bai gama bushewa ba, ya tsage.

Ya sake.

Bayansa aka buga sanda a ƙasa, sau ɗaya. Duk motsin garken ya tsaya cik.

Wani ya matso. Wannan ba dabba ba ce. Yana da tsawo, domin muryar daga sama ta sauko, a hankali, kamar mai magana cikin tulu.

"Wa ya rufe?"

Sunan ya zo bakin Halliru tun kafin ya yi tunani. Ya ji daɗinsa a harshe.

"Kar ka ba su suna," Baba ya yi raɗa. "Wanda sunka ɗauka da bakinka, kai ka kashe shi."

"Baba, shi ne fa ya..."

"Halliru."

"Wa ya rufe?" Yanzu muryar na dab da kunnensa. Sanyi ya sauka a kan wuyansa, yatsu masu tsawo, jiƙe.

Ya cije leɓe har ya ji gishirin jini. Ya ɗaga guduma da duk haushin shekara uku.

Bulo ya faɗa waje. Na biyu. Na uku.

Iskar kogi ta shigo.

Ya finciko ubansa gefe, suka faɗi rub da ciki. "Hanya buɗe take," ya ce cikin ƙasa.

Suka wuce. Ƙasa na girgiza, sauran bulo na tarwatsewa, kofatai na sauka kamu ɗaya daga kansa. Bai ɗaga ido ba. Ya ji sun faɗa ruwa, ya ji shansu, dogo, mai ƙara, kamar za su ƙafar da Kwara.

Mai sandan ne ya wuce ƙarshe. Ya tsaya a kansu.

"Gobe zan sake tambaya," ya ce.

Kwaɗi suka soma kuka.

Baba Alasan ya rayu, da haƙarƙari uku a karye, amma bai ƙara miƙewa sosai ba. Da safe jandarma biyu suka ɗauke Halliru a gaban Zeinabu, ya yi wata biyu a kulle saboda ɓarnar dukiya. Masu kuɗin Kwatano sun zo, sun ga giɓin, sun ji labarin daga bakin magina, kuma labarin ya burge su. Alhaji Oumarou bai sake toshe wurin ba. Ya sa aka kewaye shi da sarƙa, aka zana allo mai hoton bijimi da jajayen idanu, aka gina benci hawa uku a gefe. Dala ashirin ne mutum ya zauna ya kalli hanyar aljanu da la'asar. Motoci har daga Dosso. Ba a shekara ba shingen ya sake matsawa, ya ci gidan da aka haifi Halliru.

Yanzu a bayan tasha suke haya, yana gyaran mashin a gindin bishiya. Shi ne babba a gidan da ke iya tafiya, don haka duk magariba shi ke takawa zuwa gaɓa, ya tsaya ta wajen katanga, ya juya baya ya faɗi kalmomin. Kuma duk magariba ana buga sanda a bayansa, a yi masa tambayar nan.

Bai amsa ba tukuna. Amma ranar da aka rushe gidan, Zeinabu ta bi shi daga nesa, ta ce ya daɗe a tsaye fiye da kullum, leɓunansa na motsi, hannunsa na dama ya toshe bakin da ƙarfi.