Yankan Iska

Ranar da ta fara shiga ajin, hannunta ya riga bakinta gaisuwa. Injin yankan ƙarfe mai kwamfuta yana tsaye a tsakiyar ɗakin kamar ƙaramin shago, ita kuwa sai ta miƙa yatsa za ta danna koren maɓalli.

"Dakata!"

Ta juyo a firgice. Malamin ne, saurayi siriri, tabarau na kariya a goshinsa.

"A nan ja ake fara sani," ya ce a hankali, yana nuna mata babban jan maɓalli. "Ki iya tsayar da shi tukuna, sannan mu zo kan tayarwa."

Kunya ta rufe ta. Shi ma, in za a faɗi gaskiya, sai da ya nemi inda ya tsaya a darasi ya rasa.

Auta ake ce mata a gida, aji ma ya ɗauka. Malam ya koya musu rubuta wa inji umarni layi-layi. Ya koya musu sa sifili, wato kusurwar ƙarfen da daga ita inji yake auna kowane motsi. Doka ɗaya ce ba ya ɗaga ƙafa a kanta: kafin wuƙa ta taɓa ƙarfe, sai an ɗaga ta sama, a bar umarnin ya gudana a banza, hannu yana kan ja. Ɗalibai suna kiran wannan yankan iska.

Ya daure bai furta mata abin da ke zuciyarsa ba sai da ta kammala karatun, ta koma zuwa gwaji ranar Asabar.

"Ke ce sifilina," ya ce mata rannan.

"Malam, zagi ne ko yabo?"

"Daga kanki nake auna komai, Auta. Idan na rasa ki, duk lissafina ya tashi."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi. Ba ta ce masa ta yarda ba, amma murmushi bai bar fuskarta ba.

Baba ne matsalar. Rayuwarsa duka a gaban tsohon injin sassaƙa ƙarfe ya yi ta, injin ya raba shi da yatsu biyu tun yana ɗan koyo. Da kyar ya bar ta ta yi karatun. Ga kuma mai kemis ɗin layinsu, wanda ya daɗe yana zaryar neman Auta a banza, yana ta hura masa kunne cewa karatun nan ya wuce karatu.

Wata safiya wayarta tana caji kusa da Baba, saƙo ya faɗo:

"Sifilina, gobe ki zo da wuri. Babu kowa a kan inji, iska za mu fara yanka."

Baba ya karanta ya sake karantawa. Fuskarsa ta haɗe.

"Ni zai kira wa 'ya sifili? Kuma wace iska ce za ku yanka, in ba iskanci ba? Kin gama zuwa wurin nan, shi kuma kada in ga ƙafarsa."

Mama ta sa baki, ya ƙi saurara. Auta ta shige ɗaki ta yi kuka mai cin rai, sannan ta rubuta:

"Malam, Baba ya ga saƙonka, ya fahimce shi a baibai. Ba zan saɓa masa ba ko da zuciyata za ta fashe. Ka yafe mini."

Amsa ta dawo:

"Kin yi daidai. Alfarma ɗaya nake nema: ki roƙe shi ya zo ya gani da idonsa."

Baba ya je, amma da niyyar wanke saurayin tas. Malam ya durƙusa ya gaishe shi, bai kare kansa ba ko da kalma. Ya miƙa masa tabarau, ya ce da Auta, "Nuna wa Baba."

Ta ɗaure ƙarfe, ta sa sifili tana bayani, ta ɗaga wuƙa. Injin ya tashi, wuƙar tana kai da kawo a sama ba ta taɓa komai, tafin Auta yana kan jan maɓalli. Can sai wuƙar ta nufi maɗaurin ƙarfen. Ta danna, komai ya tsaya cik. Kuskure ne a layi ɗaya, ta gyara shi.

"Wannan ne yankan iskar?" Baba ya tambaya.

"Shi ne, Baba," in ji Malam. "Ba wanda zai taɓa ƙarfe a ajina bai yi shi ba."

Baba ya zaro hannunsa na dama daga aljihu, ya daɗe yana kallonsa.

"Ni ranar farko aka ce in tayar," ya ce. "Ba wanda ya nuna mini inda ake tsayarwa."

Auta tana hawaye, ba ta ko share ba.

Baba ya dubi Malam. "Ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure, bayan jama'a sun ragu, Baba ya kira su su biyu. Sai da ya yi gyaran murya sau da yawa kafin maganar ta fito.

"Na so in hana ta kai don tsoro, alhali a wurinka tsoron nawa zai kwanta. Ga ta nan. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a gida da wurin aiki."

"Amin, Baba," suka ce tare, Mama tana amsawa daga bakin ƙofa.