Kujerar Yaya

"Ki rufe min baki! Wanda ya faɗa masa, ban yafe ba!"

Surukarta ce, a bakin ɗakin masu ciwo mai tsanani na asibiti. Amarya ta sunkuyar da kai. Mijinta Auta na ciki, hatsarin mota ya karya masa haƙarƙari. Yayansa da ke tuƙi an riga an binne shi, Auta bai sani ba.

"Mama, Sista ta ce..."

"Sista ce ta haife shi?"

Aikin Sistar nan shi ne hana hankalin marasa lafiya ruɗewa. Kullum da safe takan ɗaga labule, ta sa wa Auta tabarau, ta ba shi cokali ya ci da hannunsa, ta tambaye shi yau wace rana.

"Ango, ɓalle maɓallin nan da kanka, Amarya ba 'yar aikinka ba ce!"

Har yakan yi murmushi. Amma ta ja Amarya gefe ta ce, "Kwanciyar nan tana birkita ƙwaƙwalwa. In ya yi tambaya, amsarku ta zama ɗaya. Ban ce a jefa masa labarin ba, za mu zauna da likita a faɗa masa a hankali."

Mama ta ƙi. Ita ta ce masa Yaya ya yi tafiya. Kawu ya ce yana ɗakin sama an ɗaure masa ƙafa. Ƙanwarsa ta ce ya zo ɗazu Auta na barci. Mutane suna kiran wannan tausayi. Amma tsoro ne, kowa na gudun ya zama bakin da zai faɗa.

Auta ya fara tsarguwa da kowa. Ya ture cokali, ya fizge tabarau, ya ce Sista ma da ita aka haɗa baki.

Da hantsi ya kamo hannun matarsa.

"Zuciyata... ke ba kya min ƙarya. Ina Yaya?"

Ta ɗago. Mama na tsaye bayan gilashin ƙofa, tsohuwar da ta rasa ɗa guda, tana girgiza mata kai, hawaye na zuba.

Amarya ta ce, "Nawa, ka huta mana..."

"Ki faɗa min!"

"Yana... yana hanya."

Ya saki hannunta a hankali.

Washegari Sista ta tambaye shi rana, ya kasa. Ta tambaye shi inda yake, ya ce gareji. Amarya ta ja kujera ta zauna kusa da shi, ta kira shi da duk sunan da ta saba, bai waiwayo ba. Can fuskarsa ta washe, yana kallon bayanta, inda babu kowa.

"Yaya! Ka daɗe fa!" Sai ya dube ta kamar baƙuwa. "Baiwar Allah, ɗan tashi mana, yayana zai zauna."

Ta toshe bakinta da mayafi. Ta tashi ta ba shi kujerar.