Fim ɗin da Taesik bai nuna ba

Miryeong na tsugune a kicin tana wanke ganyen teku, sai Umma ta shigo ta jefar da jiƙaƙƙiyar rigar nutsonta a ƙasa.

"Ki gaya wa saurayin naki an fasa."

"Umma, saura mako uku fa bikin auren. An raba kati."

"A bi gida-gida a karɓo."

Miryeong ta san dalili. Jiya saurayin nata, Taesik, ya kawo sabon fim ɗinsa suka kalla. Shi dai irin mutanen nan ne da za su share ɗaki su saka ƙarar numfashi kawai, mutane su taso daga Seoul su zauna suna gyaɗa kai. Shekara goma yana aiki da doka guda: in ya kunna kyamara, ba ya yanke komai. Wannan karon matan tsibirinsu na Jeju masu nutso a teku ya ɗauka, kuma an zaɓi fim ɗin a babban bikin fina-finai.

Matsalar tana tsakiyar fim ɗin. Umma, wadda ta shekara talatin tana jagorantar masu shiga zurfi, ta nutsa, ko daƙiƙa arba'in ba ta yi ba ta taso hannu wofi, ta rungume tulun iyonta tana tari kamar ranta zai fita. Babu wanda ya lura ranar sai kyamara. In matan ƙungiyar masu nutso suka gani, bakin gaɓa za su mayar da ita, wurin tsofaffi.

Miryeong ta same shi a tsohon rumbun lemu da ya mayar wurin aiki.

"Yaya Taesik, ka cire minti ɗayan nan. Minti ɗaya kawai."

"Kin san ba na yanke fim, Miryeong. Abin da ya faru na ɗauka, ban ƙara komai ba."

"A kan uwata ya faru, ba a kanka ba. Kai za a tafa wa, ita kuma ta kasa ɗaga ido a kasuwa."

Ya murza goshi. Can ya ce, "To, a ce na cire. Gobe ta koma zurfin mita goma da wannan ƙirjin. In ba ta taso ba fa?"

Tsoron da take ta dannewa tun jiya ke nan, shi ya faɗa mata a fili. Ta zauna kan akwatin lemu ta fashe da kuka, ta rasa wanda za ta ji wa haushi.

Washegari da hantsi Taesik ya zo gidan, ya durƙusa a gaban Umma, ya ajiye ƙaramin faifai kusa da gwiwarta.

"Mama, na janye fim ɗin daga bikin fina-finan. Wannan ne kaɗai kwafin da ya rage, naki ne. Ki jefa a teku in kin so. Roƙona ɗaya, ki kalla sau ɗaya ke kaɗai kafin ki jefar."

"Wayo za ka yi mini?" in ji Umma, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Na yi kuskure da na nuna shi a gaban dangi ban fara nuna miki ba. Shi na zo gyarawa."

"Ka gama? Ga ƙofa can."

Ya tashi ya sunkuya ya fita. Aikin shekara biyu ya tafi, auren ma ba a ce an dawo da shi ba. Kwana tara Miryeong tana dafa shinkafa tana kasa ci. Ba ta roƙi Umma ba, ba ta yi mata tsiwa ba. Kullum dai takan raka ta bakin teku, ta tsaya kan duwatsu tana ƙirga daƙiƙa har kan uwarta ya ɓullo.

Ranar ta goma ta dawo daga gona da la'asar, ta hango Umma ta ƙofar ɗaki, zaune gaban talabijin da tabarau tana kallon fim ɗin, leɓɓanta suna motsi. Daƙiƙun nutsonta take ƙirgawa. Ta kai talatin da takwas ta tsaya, ta mayar baya, ta sake. Miryeong ta ja da baya a hankali.

Da safe, inda matan ke jin ɗumin wuta kafin shiga ruwa, Umma ta miƙe.

"Daga yau bakin gaɓa zan riƙa shiga. Ƙirjina ya gaji. Da bakina na faɗa, kada wata ta ce ita ta gano."

Sai ƙawarta Chunja ta ce, "Mun huta da masifarki a zurfi," hawaye na zubo mata. Matan suka yi dariya suna share ido.

A hanyar gida Umma ta ce wa Miryeong, ba tare da ta juyo ba, "Kira wannan mai kyamarar ya zo ya ci abinci. Ya rame, kada mutane su ce surukina yunwa yake ji."

An yi bikin auren a ranar da aka sa. Taesik bai sami lambar yabo ba a shekarar, kuma bai taɓa yin nadama ba. Gaskiya aba ce mai kyau, amma wanda ya rufa wa babba asiri har ya faɗe ta da bakinsa, ya fi wanda ya tona a gaban jama'a samun abin da yake nema.